Winci yana kashe mini mota a taɓo: altaneta zan sauya ko batir zan ƙara?

Wani Alhaji mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye ya aiko da tambaya. Yana da Hilux mai fetur, kuma bayan ya sha kwana a hanya da damina sai ya sa aka ɗaura masa winci, wato injin igiya mai jawo mota idan ta kafe, a bambar gaba, mai lamba 12,000. Ranar da ya fara gwada shi a taɓo na gaske, ja bai kai minti biyu ba fitilun dashbod suka dushe, wincin ya koma gurnani, mota ta mutu, da ya murza makulli ko tari ba ta yi ba. Wani ya ce masa ya sayi babbar altaneta, wani ya ce ya ɗauko batirin sola na gida ya haɗa. Yana so ya san wanne ne daidai.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Na daɗe ina aikin wayar mota, kuma yawancin motocin da aka kawo mini da wannan kuka, altanetarsu lafiyarta ƙalau. Wutar tana ɓacewa ne a hanya tsakanin batir da winci, ko kuma batirin ne ba shi da ƙarfin da ake zato, ko kuma yadda ake jan ne yake wahalar da na'urar. Bari in fara da lissafi, domin idan ka gane shi, kai da kanka za ka riƙa gane shawarar da ta dace da wadda ba ta dace ba.

Lambar nan 12,000 laba ce, wato kimanin kilo 5,400. Ga mota kamar taka wadda da kayanta take kai wa tan uku, girman ya yi, domin ƙa'idar da ake bi ita ce winci ya ninka nauyin mota sau ɗaya da rabi. To amma irin wannan winci, ko igiya kawai yake naɗewa babu kaya, yana shan amfiya 60 zuwa 80, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja. Idan mota ta kafe har shasi ya zauna a laka, abin da yake sha yana haura amfiya 400. Altanetar da kamfani yake ɗaura wa irin waɗannan motoci kuwa yawanci tsakanin amfiya 70 ne zuwa 130, kuma wannan lambar sai inji yana gudu take cika. A silo, wato inji a kunne ba a taka totur ba, da ƙyar ta ba da rabi. Daga cikin rabin nan ma mota tana cire nata: famfon mai, filogi, ƙwaƙwalwa (kwamfutar mota), fanka, fitila. Abin da ya rage wa winci bai wuce amfiya 30 ko 40 ba.

Ka ɗauki batir a matsayin randa, altaneta kuma famfo mai tsiyaya a hankali, winci kuwa mutum ne da ya zo da bokiti yana kamfata. Daga randa yake ɗiba, famfo aikinsa mayar da abin da aka kwashe. Ko ka sa altaneta mai 200, har yanzu rabin abin da winci yake nema daga batir zai fito. Ja na minti ɗaya a kan amfiya 400 yana kwashe kusan Ah 7 (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake ajiyewa), kuma kafin altanetarka ta biya wannan bashi sai ta yi kamar minti goma tana aiki. Kada kuma rubutun Ah 75 da ke jikin batir ya sa ka ce ai akwai saura da yawa. An auna wannan lamba ne a kan jan wuta na awa 20, wato abin da bai kai amfiya huɗu ba. Idan aka ja 400 a lokaci guda, 'yan mintuna kaɗan batirin zai yi ya durƙusa.

Yanzu ga inda nake so ka fi mayar da hankali, wato waya. A wutar gida mai bolt 230, idan bolt ɗaya ya ɓace a hanya babu wanda zai sani. A mota 12 kacal gare ka, kuma da winci ya ɗauki kaya batirin kansa yana sauka zuwa 11 ko ƙasa. Duk abin da waya ta cinye a kan wannan, daga bakin winci aka cire shi. A ce daga batir zuwa bamba mita biyu ne, zuwa da dawowa mita huɗu. Kebul na jan ƙarfe zalla mai kauri 35, wato milimita murabba'i 35, zai cinye kamar bolt 0.8 a kan amfiya 400. Mai 50 zai cinye ɗan sama da rabin bolt. Mai 16 kuwa, wanda na sha gani an sa domin shi ne a hannu, zai cinye bolt 1.75, kuma wannan wuta ba iska take bi ba, zafi take zama, kimanin wat 700 a cikin roba a ƙarƙashin bonet kusa da tiyon mai. Don haka ƙasa da 35 kada ka yarda, 50 ya fi, idan kuma an taɓa kai batir bayan mota har tsawon ya kai mita biyar ko shida, 70 za a nema.

Sannan ba kowane kebul mai kauri ne jan ƙarfe ba. Akwai wanda alminiyam ne aka yi masa wankan jan ƙarfe, a ido ba ka bambanta su. Alminiyam kashi 60 cikin ɗari kawai yake iya ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa yake ɗauka, kuma a bakin haɗi yana saurin rubewa. Idan ka je saye, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Panteka a Kaduna ko duk inda ya fi maka kusa, ka sa a fere bakin, ka kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan cikin ya fito fari, ka ajiye. Ka kuma ɗaga shi a hannu, na gaske yana da nauyi. Ni kebul ɗin masu walda na asali nake sa wa mutane, domin silinsa kanana ne, yana lanƙwasuwa, kuma girgizar hanya ba ta karya shi. Araha ba ta ado a wannan wuri, domin kuɗin da aka rage a mita huɗu na waya bai kai kuɗin naɗa sabon koyil ɗin winci ba.

Bayan kaurin waya sai bakin haɗi, kuma nan ne aka fi yin ganganci. An taɓa kawo mini wata Land Cruiser da mai ita ya riga ya sayi batir biyu sababbi da altaneta sabuwa, amma wincin yana nan yadda yake. Da na buɗe sai na tarar an fere kebul an cusa silin a ƙarƙashin kan batir an ɗaure da noti, rabin silin a waje, wurin ya yi kore. Baƙar wayar kuma, wato ta nagetib, an ɗaure ta a jikin bamba, a kan fenti. Na ji wa mutumin ciwo ƙwarai, domin kuɗin da ya kashe ya ninka na gyaran gaskiya sau da yawa. Haɗin da ya ɗan saki kaɗan, wanda fitila da rediyo ba za su taɓa nuna maka ba, a kan amfiya 400 yana iya cinye kusan bolt guda ya kuma yi zafin da zai narkar da dalmar kan batir. Kowane bakin kebul sai an sa masa kunnen jan ƙarfe daidai kaurinsa, a matse shi da abin matsewa na gaske, ba a daddake da guduma a kan dutse ba, a rufe da robar da take tsukewa da zafi, a goge inda zai zauna har ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau, a shafa giris a kai.

Baƙar waya kuwa kai tsaye za ta koma kan nagetib na batir, kuma kaurinta daidai da na jar. Kada a ce ai jikin mota duka nagetib ne. Haka ne, amma siririyar wayar da kamfani ya haɗa batir da jikin mota da ita ba a yi ta domin winci ba. Idan wuta ta rasa babbar hanya, za ta nemi ƙarama ta bi, ta wayar birkin hannu, ta wayoyin ƙwaƙwalwa, ta duk inda ta samu, kuma abin da ta bi sai ta ƙona shi. Inda kebul ya ratsa ta ƙarfe a sa masa zoben roba, a ɗaɗɗaure shi kada ya riƙa goga, a nisanta shi da salansa da fambel.

Gani ya kori ji, don haka ga gwajin da za ka sa a yi a gabanka da mitar hannu, wadda kowane mai wayar mota yake da ita. Da safe kafin a tayar da mota, a auna batir. Cikakke yana nuna 12.6 ko 12.7. Idan ya nuna 12.2, rabi ne a ciki. A tayar da inji a sake aunawa, a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Idan an ga haka, altaneta tana aikinta. Daga nan a ɗaura igiya a gindin babbar bishiya, a ɗan taka birki domin winci ya ji nauyi, a ja na daƙiƙa goma. Ana cikin ja a dubi batir: idan ya faɗi ƙasa da 10.5 nan take, batirin ne ya gaji. Sai a ɗora tsinken mita ɗaya a kan dalmar fositib ta batir, ɗayan a kan notin da jar waya ta shiga akwatin winci, a sake ja. Abin da mita ta nuna shi ne abin da wayar take cinyewa. A yi haka a ɓangaren nagetib. Duk ɓangaren da ya wuce rabin bolt, akwai gyara a wurin. Idan an gama a bi haɗe-haɗen da bayan hannu a hankali, wanda ya fi sauran zafi shi ne mai laifi. Gwajin nan ba ya cin minti ashirin.

Game da batir, abin da za ka duba a jikinsa shi ne lambar CCA, ba Ah kaɗai ba. Ita ce take nuna yawan wutar da zai iya amayarwa a lokaci guda. Ana auna ta a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na daƙiƙa 30, sanyin da ba mu san shi ba a nan, amma duk da haka ita ce ma'aunin ƙarfin bugunsa. Kamfanin Warn na Amurka, wanda ya yi suna a ƙera winci, yana neman aƙalla 650. Ni ga mai 12,000 ina son in ga 750 ko sama, mafi girman da zai shiga mazauninsa. Mu abin da yake kashe mana batir zafi ne. A watan Afrilu iskar gari kanta tana haura digiri 40, balle ƙarƙashin bonet, kuma zafi yana ƙafar da ruwan batir yana cin farantansa. Batirin da ya shekara biyu a nan zai iya tayar maka da mota kullum, domin kik na daƙiƙa biyu yake ja, amma ya kasa riƙe winci na rabin minti. Idan mai murfi ne, a riƙa duba ruwansa, a ƙara tataccen ruwa kawai, ba na rijiya ba kuma ba asid ba. Idan da hali, irin wanda ake kira AGM ya fi jure girgiza da zurfin zuƙa.

Batirin sola kuwa, Alhaji, ka bar shi a gida. Dogayen nan na inbata an yi su ne su ba da wuta kaɗan-kaɗan dare guda, ba su saba da bugu ɗaya mai ƙarfi ba, kuma gargadar hanya tana lalata su. Na litiyam kuma yana da allon tsaro a ciki wanda a yawancinsu yake yanke wuta idan an ja fiye da amfiya 100 ko 200. Ka ga kenan zai yanke ne daidai lokacin da mota take rataye a gangaren rafi.

Batir na biyu na mota shawara ce mai kyau ga wanda yake shiga daji shi kaɗai irinka, amma da sharaɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa biyu gefe da gefe, fositib da fositib, nagetib da nagetib, da kebul mai kaurin na winci, kuma su zama iri ɗaya, girma ɗaya, an saye su lokaci ɗaya. Tsoho da sabo idan aka haɗa, tsohon zai riƙa tsotsar sabon. Aibin wannan hanya shi ne idan suka ƙare tare suke ƙarewa. Wadda na fi so ita ce a raba su da babban makunni: winci yana kan batirin mota, na biyun yana ajiye a cike, idan ja ya yi tsanani ko mota ta ƙi tashi sai a murɗa a haɗa su. A kula da ƙananan na'urorin nan masu haɗa batir biyu da kansu idan inji ya tashi. Da yawansu amfiya 140 ne iyakarsu, kuma suna raba batiran da zarar wuta ta sauka, wato a lokacin da ake bukatar su haɗu. Na'urar cajin batir na biyu mai amfiya 25 ko 40 ita ma caji kawai take yi, wutar winci ba za ta bi ta cikinta ba. Makunnin da za a sa a wannan layi sai wanda aka rubuta masa ɗaruruwan amfiya.

Ko ba ka ƙara batir ba, ka sa irin wannan makunni a kan jar wayar winci, kusa da batir. Kebul mai kaurin yatsa da yake ɗauke da wuta dare da rana har bakin bamba haɗari ne: ƙaramin karo ya isa ya matse shi da ƙarfe, kuma batir zai zuba masa duk abin da yake da shi. Ka bar shi a kashe, sai ranar aiki.

Idan wata rana ka koma babbar mota ko tsohuwar Land Cruiser mai bolt 24, winci mai 24 za ka saya, kuma rabin amfiyar zai sha a kan aiki ɗaya. Kada a saci 12 daga batir ɗaya a cikin biyun, yana kashe su duka.

Sai yadda ake jan, wanda kyauta ne amma yana rage shan wuta fiye da duk abin da za ka saya. Ƙarfin 12,000 ɗin nan a kan layin igiya na farko ne, wanda yake manne da ganga, wato ƙarfen da igiya take naɗuwa a kai. Duk layin da ya hau kan wani, ƙarfi yana raguwa, har idan ganga ta cika abin da ya rage bai fi kashi uku cikin biyar ba, kuma na'urar tana shan wuta fiye da kima domin ta yi aikin. Mutane suna son bishiya mafi kusa. Ka nemi ta nesa, ka warware igiya sosai, ka bar zagaye biyar a kan ganga idan ta ƙarfe ce, goma idan ta zare ce. Ka sayi fuli, wato kurar da ake rataya a jikin bishiya igiya ta zaga ta dawo ta kama mota. Tana raba nauyin da winci yake ji gida biyu. Tafiyar za ta yi sanyi, amma maimakon 400 sai ka ga ana shan abin da bai fi 250 ba, kuma igiyar da aka ƙara warwarewa ta sake sauƙaƙa masa. A ganina duk mai winci da ba shi da fuli bai gama sayayya ba.

Kafin a danna maɓalli a sa shebur a kwashe lakar da ta tokare tayoyi da shasi, domin taɓo yana tsotse mota ne kamar yadda yake riƙe takalmi. A kashe esi da rediyo da duk fitilar da ba dole ba. Inji ya kasance a kunne, wani ya riƙe totur a kan 1,500 zuwa 2,000 domin altaneta ta ba da abin da take da shi. A ja na daƙiƙa 30, a tsaya minti biyu ko uku, a taɓa jikin na'urar. Idan hannu ba ya iya zama a kai, a ƙara jira. Idan ka ji sautin ya koma gurnani ganga ta daina juyawa, ka saki maɓalli nan take, domin a wannan hali ne yake shan wuta mafi yawa, duka kuma zafi take zama a cikin koyil. Abin da ya kashe maka mota ran nan ke nan: wuta ta sauka har ƙwaƙwalwa da famfon mai suka rasa abin da zai riƙe su. Tsofaffin injinan dizal irin 1HZ, da ake ji da su a hanyoyin Agadas, ba su cika damuwa da wannan ba domin famfon mansu inji ne yake juya shi, amma taka mai lantarki ce. Ka sa ƙaramar mitar bolt a dashbod, da ka ga ta kusa 10.5 ka tsaya. Idan an fita kuma kada a kashe mota, a yi tafiyar aƙalla rabin awa, in an isa gida a sa batir a caji ya cika. Kowa ya matsa nesa da igiya lokacin ja, a kuma yafa mata bargo ko buhu mai nauyi a tsakiya saboda tsinkewa.

Babbar altaneta tana da amfani, amma ita ce ta ƙarshe, kuma ga mai jan winci sau da yawa a rana ɗaya, domin tana gajarta lokacin jira tsakanin ja da ja. Idan za a sa ta, dole a sauya wayar da ta tashi daga ita zuwa batir da wayoyin nagetib na inji da na shasi, a kuma tabbatar fambel ba ya sulɓewa. Kafin nan ma ka sa a duba fambel ɗin da ke kai yanzu, domin wanda ya saki yana kuka ne kawai ba caji.

Mai aikin ya cire zobe da agogo, ya fara kwance nagetib, shi ne kuma zai mayar a ƙarshe, kuma kada a kusanto da wuta ko taba wurin batirin da ya sha aiki, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa. Idan an yi gwajin, ka aiko mini da lambobi biyar: na safe kafin a tayar, na inji a kunne, na batir ana cikin ja, da abin da jar waya da baƙar waya kowacce ta cinye. Ka haɗa da lambar da aka rubuta a jikin kebul da watan da aka sayi batirin. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa.